Tsohon Hannu ko Sabon Jini? Gardamar Sai Masu Gida a Kwanar Dangora

Duk motar da ta taso daga Jos ta biyo ta Saminaka, ta shigo ƙasar Doguwa, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, to a Kwanar Dangora take hawa babban titin Zariya zuwa Kano. Wuri ne na direba da ɗan kamasho da mai tsire da mai rake, inda mutumin Riruwai ke sauka ya canza mota, na Kiru da na Bebeji su haɗu a teburin mai shayi. Irin wannan mahaɗa ba ta rabo da gardama. In ka cire siyasa da farashin taki, babu wadda ta kai ta ƙwallo zafi, kuma duk da cewa gidajen kallo da wasannin Ingila da Sifaniya suke cika, ranar da aka ambaci Kano Pillars, Sai Masu Gida, sai murya ta canza. Arsenal da Madrid na aro ne. Pillars ta gida ce, ko a bakin wanda bai taɓa taka filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba.

Tun watan Oktoban 2024, lokacin da Ahmed Musa ya sake saka rigar ƙungiyar, tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin bencina: shin daidai ne ƙungiya ta kwaso tsohon tauraro da ya gama zagayen duniya, ta ɗora masa ragamar wasanta, ko kuwa gara ta yi haƙuri ta raini nata yaran? Dattawan wurin galibi suna tare da tsohon hannu. Za ka ji ɗaya ya dubi saurayi ya ce, "Kai yaro, kana ina aka fitar da Al Ahly?" Saurayin ya sunkuyar da kai don ladabi, amma ba zai bari ta wuce ba: "Baba, Allah ya ja da ranka, ai tarihi ba ya ba da maki uku."

Dukansu biyu suna da gaskiya, shi ya sa maganar ta ƙi mutuwa.

Dattijon ba ƙarya ya yi ba. An kafa Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ɗauki kofin Firimiyar Najeriya a 2008, sannan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta yi waje da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka, bayan an tashi ɗaya da ɗaya a gida, biyu da biyu a Alƙahira, ta kuma kai wasan daf da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Shi ma saurayin ba ƙarya ya yi ba, domin a 2022 wannan ƙungiya mai kofuna huɗu ta faɗa gasar 'yan dagaji tare da Katsina United da Heartland da MFM, a kakar da aka zaftare mata maki saboda hatsaniya. Ta dawo a 2023, amma dawowar wanda ya tashi daga jinya, yana tafiya yana dafa bango. A irin wannan hali ne shugabanni ke waiwayar manyan sunaye.

Sunan da ya fi kowanne girma kuwa na Ahmed Musa ne. An haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoban 1992. Ya zo Pillars yana ɗan shekara 17, ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a gasar, sannan ya wuce VVV Venlo ta Holan, inda sai da ya jira ya cika 18 kafin dokar FIFA ta bar shi ya buga. Daga can CSKA Moscow a 2012, Leicester City a 2016, Al Nassr ta Saudiyya a 2018. Ya ɗauki kofin Afirka da Najeriya a 2013. Ya ci Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya ci Aisland biyu a ta 2018. Babu ɗan Najeriya da ya kai shi yawan buga wa Super Eagles wasa. Mutum mai wannan tarihi in ya ce zai dawo gida, shugaban ƙungiyar da zai ce masa a'a sai ya shirya wa tsinuwar gari.

Amma sau biyu ya dawo, kuma dawowar biyu ba iri ɗaya ba ce. Masu gardama kan haɗa su wuri guda, a nan suke ɓata lissafi.

Ta farko a Afrilun 2021 ce. Ya rabu da Al Nassr tun Oktoban 2020, ya yi watanni ba shi da ƙungiya, ga shi kyaftin ɗin ƙasa, dole ya nemi inda zai riƙa motsa jiki. A lokacin shekarunsa 28, ba tsoho ba ne ko kaɗan. Pillars na buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, domin an mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu korona a 2020. Wato kenan babban abin da ake sayen tauraro dominsa, cika fili da 'yan kallo a Kano, bai samu ba. Kafin ƙarshen Yuli ya tafi Fatih Karagumruk ta Turkiyya. Kofin shekarar Akwa United ce ta ɗauka, shekara guda bayan haka kuma Pillars ta nutse. Ba wanda zai ɗora wa Musa laifin faɗuwar, ai ba ya nan. Abin da ya fito fili shi ne zuwan nasa bai taɓa ciwon da ke cin ƙungiyar ba. Baƙuntar wata uku ce, wadda ta amfane shi, ta ɗaga sunan gasar a jaridu, ta tafi ta bar gidan yadda ta same shi.

Ta biyu daban ce. Ya rabu da Sivasspor, ya zo yana daf da cika 32, da niyyar zama. Wasansa na farko ya zura biyu a ragar Sunshine Stars. Ya tarar da Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, wanda ya bar Pillars ya yi Kuwait da Fotugal da Saifurus da Turkiyya da Bulgeriya, ya ci tagulla a Olamfik ta 2016 a Rio, ya je kofin duniya na 2018, shi ma ya komo. Ya kuma tarar da wanda bai taɓa tafiya ba, Rabi'u Ali Pele.

Batun Pele ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne hujjar da masu goyon bayan tsofaffi ke bugun ƙirji da ita, kuma shi ne ya fi kusa da abin da ake nufi da ɗan wasan da ƙungiya ke juyawa a kansa. An haife shi a 1980. Yana cikin tawagar da ta jera kofuna uku, ya je gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2014 inda Najeriya ta zo ta uku, ya koma a 2018 inda ta kai wasan ƙarshe. Ya haura ƙwallo ɗari a gasar Firimiya, ya kuma haura shekara 44 yana bugawa. Wanda ya kalle shi da kyau zai ga ba gudu yake sayarwa ba. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya waiga kafaɗar hagu da ta dama, ya san inda kowa yake tsaye. Taɓawa ɗaya ya kwantar da ita, ta biyu ya raba masu tsaron baya. In aka samu bugun tazara a bakin da'ira, sai ya ajiye ƙwallon da hannunsa, ya ja baya taku kaɗan, gola yana ta ihu yana gyara katanga, fili kuma ya yi tsit don kowa ya san abin da ke iya biyo baya. Wannan ba abin da koci ke koyarwa a mako biyu ba ne. Shekaru ne suka dafa shi.

Sai dai duk minti ɗaya da Pele ya yi yana tunani a tsakiyar fili, akwai wani yaro da ke yin gudun mutum biyu a bayansa. Manomin Tudun Wada ko Bebeji ya san wannan ba sai an karanta masa ba: in za a yi huɗa, tsohon sa ake haɗawa da ɗan bana, tsohon ya riƙe layin kunya, ƙaramin ya ba da ƙarfi. Wanda ya ɗaura wa tsofaffi biyu garma zai ga layi a miƙe, amma rana za ta take bai ci rabin gona ba. Ƙungiya na iya ɗaukar ɗan wasa ɗaya da ba ya komawa baya tare ƙwallo. Biyu, da dabara. Uku kuwa, duk ranar da aka haɗu da yara masu jini a jika a waje, sai an ji a jiki.

Kuma a gasar Najeriya wasan waje ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, rabinsu a gidan wasu. Daga Kano zuwa Uyo ko Fatakwal ko Aba ko Yenagoa, in a mota ne, tafiya ce ta kwana, mutum ya sauka gwiwa a sage, washegari a ce ya yi minti casa'in a filin roba da rana ta gasa. Hanyar ma ba ta da tabbas. A Maris ɗin 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a titin Abuja zuwa Lokoja tana kan hanyar Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Mohammed. Jikin ɗan shekara 20 yana shanye irin wannan wahala ya tashi. Wanda ya saba da jirgi da likitan ƙungiya da ciyawar Turai, ya kuma haura talatin, lissafinsa daban ne. To kofi kuwa a waje ake cin sa. Pillars ta daɗe tana da wuyar dokewa a Kano, da tauraro ko ba tauraro. Abin da ke raba zakara da 'yan tsakiyar tebur shi ne makin da ake tsintowa a garin mutane, kuma a nan ne amfanin tsohon ɗan wasa ya fi ƙaranci. (Balle a shiga batun shekarun ƙwallo, waɗanda kowa ya san a ƙasar nan ba kullum suke daidai da shekarun haihuwa ba. Wani da ake kira sabon jini ya girmi wanda ake kira tsoho.)

Kakar 2024 zuwa 2025 ta nuna duka fuskokin biyu. Fili ya cika, har a garuruwan da Pillars ta je baƙunta mutane sun fito kallon Musa. An ci ƙwallaye, an yi nishaɗi. Da aka tattara maki, ƙungiyar a tsakiyar tebur ta ƙare. Kofin ya tafi Ikenne, wani ƙaramin gari a Jihar Ogun, hannun Remo Stars ta Kunle Soname, wadda ba ta taɓa ɗauka ba sai a lokacin. Remo ba ta da sunan da ya kai rabin na Musa. Abin da take da shi shi ne filinta, da makarantar rainon yara ta Beyond Limits, da koci ɗaya, Daniel Ogunmodede, da aka bari ya yi shekaru yana gini, ya zo na biyu har sau biyu ba a kore shi ba.

Masu zuwa gidan kallo sun ga irin wannan a waje, sai dai kowa misalin da ya yi masa daɗi yake ɗauka. Mai son tsofaffi zai kawo Ibrahimovic, wanda ya koma AC Milan a Janairun 2020 yana da shekara 38, a 2022 suka ɗauki kofin Italiya. Ya manta cewa Milan ta kewaye shi da yara irin su Leao da Tonali da Theo Hernandez, kuma a kakar kofin ya sha zaman benci da jinya. Mai adawa zai kawo Ronaldo, wanda ya koma Manchester United a 2021, ya ci 18 a Firimiya, ƙungiyar ta ƙare ta shida da maki 58, aka rabu baram-baram a Nuwamban 2022. A Amurka ma, a irin tasu ƙwallon ta hannu da kwalkwali, inda mutum ɗaya mai jefa ƙwallo shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya, kowace shekara sai an yi wannan rigima. Tampa Bay ta ɗauki Tom Brady a 2020, ya ci mata kofi yana da shekara 43. Los Angeles Rams ta ba da damar zaɓen matasa ta karɓo Matthew Stafford a 2021, ita ma ta ci. Denver ta yi irin wannan ciniki a kan Russell Wilson a 2022, bayan kaka biyu ta sallame shi da asarar dala miliyan 85. New York Jets ta karɓo Aaron Rodgers a 2023, jijiyar agararsa ta tsinke minti kaɗan da fara wasansa na farko. Waɗanda suka ci riba ƙungiyoyi ne da suka riga suka haɗu, mutum ɗaya kawai ya rage musu. Waɗanda suka yi asara sun sayi suna ne don ya rufe ɓarakar da ba ta ɗan wasa ɗaya ba ce.

Pillars ta 2024 a wane rukuni take? Duk mai adalci ya san ba mutum ɗaya ne ya rage mata ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika tattaunawa a teburin mai shayi ba, alhali shi ne ya fi shafar mutanen wannan yanki. Pillars ta gwamnatin Jihar Kano ce. Albashin 'yan wasanta daga baitulmali yake fitowa, wato da kuɗin mai noman shinkafa na Tudun Wada da mai noman rani na bakin Tiga a ciki, ko suna kallon ƙwallo ko ba sa kallo. Kuɗin ƙofa ba ya riƙe ƙungiya a Najeriya. Ladan cin kofin ma, naira miliyan 200 da Remo ta samu a 2025, ba zai biya albashi da tafiye-tafiyen shekara ba. Hanyar da ƙungiyar Afirka ke samun kuɗi na gaske ita ce ta raini yaro ta sayar. Ba ma a sayarwar farko kaɗai ba: dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Yaro ɗaya da ya yi nisa zai iya ɗiga wa ƙungiyarsa ta farko kuɗi har ya yi ritaya. Ɗan shekara 32 kuwa, komai ƙwarewarsa, ba mai sake sayensa. Abin da aka kashe a kansa ya tafi kenan.

Abin mamakin shi ne babbar hujjar wannan magana ita ce shi Ahmed Musa ɗin da kansa. Da a 2009 wani koci ya ajiye shi a benci saboda akwai wani babban yaya mai suna da ya dawo daga Turai yana buga gurbinsa, da babu ƙwallo 18, babu Venlo, babu Moscow. Gurbi sha ɗaya ne a fili. Duk wanda aka ba tsoho, an hana wani yaro.

Yaran kuwa suna nan. Ka bi filayen makarantun firamare daga Kiru zuwa Bebeji, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, bayan la'asar. Turakun raga na itacen turare ne ko gora, igiya ce a sama, alƙalin wasa wani malamin makaranta ne da usur ɗinsa na aro. Rabin 'yan wasan takalmin roba ne a ƙafarsu, wasu daga gona suka wuto ko wanka ba su yi ba. Ana yin gasar unguwanni da ta ƙauyuka, musamman in kaka ta yi ko zaɓe ya matso wani ɗan siyasa ya saka kofi da riguna. A irin waɗannan wasanni za ka ga yaron da in ya ja ƙwallo ta gefe sai ƙura, kowa a garin ya san sunansa, amma sunan ba ya wuce iyakar ƙaramar hukuma. Sai ya yi ƙarfin hali ya tara kuɗin mota ya tafi Kano gwaji, ya kwana a wurin ɗan'uwa, ya tarar da ɗaruruwa irinsa, a ba shi minti goma sha biyar. Da yawa daga nan suke komawa acaɓa ko ga-ruwa. Nasu ƙorafin ba Musa ba ne, don suna ƙaunarsa, hotonsa ne a wayoyinsu. Ƙorafinsu shi ne ba mai zuwa ya gan su. Da Barau FC ta Sanata Barau Jibrin ta hau Firimiya a 2025, Kano ta zama mai ƙungiya biyu, kuma wadda ta riga aika masu farautar 'yan wasa kudancin jihar ita za ta kwashe su.

Kada a ce ana ƙin tsofaffi ne. Akwai abubuwan da yaro ba zai taɓa bayarwa ba. In aka ci ƙungiya a minti na goma a gaban dubban mutane masu zagi, wani ne zai ɗauko ƙwallon daga raga ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa. In albashi ya makara, wani ne zai iya ɗaga waya ya kira manya a saurare shi. Yaron da ke atisaye kullum kusa da mutumin da ya ci Ajantina yana koyon lokacin barci da irin abinci da yadda ake magana da wakili kafin a saka hannu a takarda. Enyimba ma ta yi wannan lissafin da ta ɗauko Brown Ideye, abokin Musa a kofin 2013. Tsoho ɗaya ko biyu, a kwantiragin shekara guda, ladansu ya danganta da yawan wasan da suka buga, koci kuma yana da cikakken ikon ajiye su ranar da ƙafa ta yi nauyi, wannan ciniki ne mai kyau. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne ginshiƙi, kuma shi ne Pillars ta raunana da hannunta.

A Yulin 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, shi kuma bai jingine takalmansa ba. Ba a shakkar ƙaunarsa ga Kano, cibiyar wasannin da ya gina a Hotoro shaida ce. Amma a duba matsayin koci. Wanda kocin zai rubuta sunansa a takardar 'yan wasa ranar Lahadi shi ne wanda zai iya saka hannu a takardar sallamarsa ranar Litinin. Wane koci ne zai ɗaga allo a minti na sittin ya fitar da maigidansa? Wane yaro ne zai ƙi ba shi ƙwallo ko da wani ya fi shi kyakkyawan wuri? Ko da Musa bai taɓa neman alfarma ba, kujerar tana nema masa.

Dawo da shi a matsayin ɗan wasa a 2024 ba kuskure ba ne, ya biya kuɗinsa da ƙwallaye da cikar fili. Kuskuren shi ne ɗaukar dawowar a matsayin gyara, da kuma haɗa masa fili da ofis. Ya kamata ya zaɓi ɗaya, kuma ofis ɗin ya fi buƙatarsa, domin a can ne wayarsa da sanayyarsa ta Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya za su buɗe wa yaran Kano ƙofa. Gwamnatin jiha kuma, tunda ita ke biya, ta gindaya wa ƙungiyar sharaɗi a rubuce: kowace kaka a yi gwajin 'yan ƙasa da shekara 18 a hedikwatar ƙananan hukumomin da ke nesa da birni, Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa a cikinsu, kuma a ware wa waɗanda suka yi fice gurbi a rajistar babbar ƙungiya kafin a sake ɗauko wani daga Turai.